Kwalta a Kofaton Bidi

Ni ba marubuciya ba ce, bandar kifi nake yi. Abin da ya zaunar da ni na rubuta wannan shi ne, kwanan baya na ji an ce wani masunci a gaɓar Shanga ya sayi doki. Mu mutanen bakin ruwa mun san jirgi, mun san taru, mun san kifi ciki da waje, amma doki baƙo ne a wurinmu, kuma abin da muka yi wa namu ba na so a sake yi wa wani. Wanda zai ji haushi ya ji, har da yayana.

Sunana Kulu. Ƙauyenmu yana bakin tafki a ƙasar Ngaski, ba nisa da Wara. Tun da mijina ya rasu na dawo gidan mahaifina, ni ke dafa masa, ni ke yi masa wanki. Gyaran jirgi ne sana'ar Baba tun kafin a haife ni. In aka kawo masa jirgi mai yoyo ba ya buƙatar a sa shi a ruwa. Babban yatsansa zai ɗora a kan katako ya bi a hankali, can sai ya tsaya ya ce nan ne. Ya cusa auduga da bakin ƙarfe, ya narka kwalta, ya shafe. Masunta kan ce jirgin da Baba ya liƙe, katakon ne zai ruɓe ya bar facin. Da alfahari nake jin wannan magana a da.

Ƙafafunsa ne suka ci amanarsa. Gwiwoyi suka kumbura, daga sanda ɗaya ya koma biyu, daga biyu ya koma ja da gindi. Ga shi kuma duk shekara in ruwa ya janye, tafkin kan bar mu da doguwar tafiya cikin yashi da busasshiyar laka kafin a kai inda jirage suke. Baba ya yi wata da watanni a ɗaki yana kallon azara. Ya daina wasa da jikoki, tuwo ma sai na yi da gaske yake ci. Rannan ya aika aka kira wani mai mazarƙwaila, ya ba shi jirginsa, na ƙarshe da ya haɗa da hannunsa, ya karɓi tsohon dokin da ya gaji da juya injin rake.

Yayana Bawa, babban ɗan Baba, ya daɗe da sa wa jirgin nan ido. A ransa gado ne ya riga ya ci. Da ya dawo daga ruwa ya tarar da doki a turke, jirgi kuma ya tafi, sai ya tsaya a ƙofar ɗaki ko sallama babu.

"Baba, mi masunci ka yi da doki? Bisa tudu za ka jehwa taru?"

"Ƙahwa na saya, Bawa," in ji Baba. "Kai kana da naka."

Launin dokin bidi ne, don haka Bidi muke ce masa. Ban taɓa ganin dabba mai haƙurinsa ba. Kullum da safe maƙwabcinmu Ishaya, Bakambare manomi, zai shigo ya ɗaga Baba kamar yaro ya ɗora shi a sirdi, Bidi kuma ya tsaya cik har sai ya ji an zauna. Ya kai shi gaɓa, masunta su sauke shi a inuwa, ya wuni yana liƙe jirage yana yi wa samari faɗa. Da la'asar ya dawo yana warin kwalta, yana tambaya me aka dafa. Mutumin da na fara fitar da rai da shi, sai ga shi yana neman ƙarin miya. In ba Bidi, ba gaɓa. In ba gaɓa, ba Baba. Duk gidan mun san haka, har Yaya Bawa.

Ciwon bai yi sallama ba. Lafiya lau suka fita, da yamma sai na hango su can nesa, dokin yana tafiya da ƙafa uku, yana tsalle yana tsayawa, Baba ya rungume wuyansa. Ƙafar gaba ta dama ce. Ya ɗage ta sama, ko bakin kofaton ba ya yarda ya taɓa ƙasa. Baba ya ce suna tsakiyar hanya, wajen da ake zubar da ruɓaɓɓun katakan jirgi, dokin ya zabura sau ɗaya, shi ke nan. Na duba ban ga jini ba, ban ga kumburi ba. Amma da na dafa kofaton sai na ji shi da zafi kamar murfin tukunya, jijiyar da ke bayan ƙafar kuma tana bugawa a ƙarƙashin yatsana.

Makon farko na masu shawara ne, kuma Allah ya hore mana su. Wanda bai taɓa riƙe ragama ba ya zama sarkin dawaki. Wannan ya ce karaya ce, wancan ya ce maciji ne. Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, ta ce ita ba ta son dogon zance, dokin ya taka mutanen ruwa ne suna shan iska, ta kawo turare ta cika turken da hayaƙi har Bidi yana tari. Wani mai tallar magani a ranar kasuwa ya sayar mini da allura, ya rantse ita ake yi wa dawakan manya. Dokin ya ɗan taka na yini ɗaya, ya koma yadda yake.

Sai Yaya Bawa ya kawo mai sakiya. Mutumin ko ƙafar bai ɗaga ba. Ya matsa kafaɗa, doki ya motsa, ya ce a nan ciwon yake. Aka hura wuta a tsakar gida, aka sa ƙarfe har ya yi ja. Aka yi wa Bidi dabaibayi, Yaya Bawa ya murɗe masa leɓe da igiya. Ban san doki yana iya irin kukan nan ba. Gashi ya ƙone, fata ta yi ƙauri, aka jera masa layi-layi a kafaɗar da ba abin da ya same ta. Na dubi fuskar yayana, wallahi murmushi yake.

"Riƙe shi da kyau, mai gida," in ji mai sakiya.

"Ƙara mai," in ji Yaya Bawa. "Jirgi guda yac ci, ba ya mutuwa da wagga 'yar wuta."

Baba yana ɗaki yana jin komai. Da aka gama ya kira ni ya tambaya ko dokin ya taka. Na ce bai taka ba. Sai ya zama muna jinyar ciwo biyu, na kofato da na ƙuna, ƙudaje kuma suka samu wurin zama.

A farkon mako na biyu ne Allah ya kawo sauƙi, mu kuma muka mayar da shi. Na fito da safe sai na ga Bidi ya sauke ƙafar, yana cin ciyawar burgun da Ishaya ya yanko masa a fadama. Wani wari ya cika turken. Na ɗaga kofaton, sai ga ɗan rami a tafinsa, bai fi ƙwayar gero ba, wani baƙin ruwa mai ɗoyi yana ɗiga daga ciki. Zafin nan ya ragu. Na ruga na faɗa wa Baba, ya ce a ɗauko shi yanzu-yanzu.

Ishaya ya goyo shi ya zaunar da shi a kan turmi. Baba ya ɗora kofaton a cinyarsa, ya wanke da ruwa, ya sa babban yatsan nan nasa ya bi a hankali kamar yadda na saba gani. Ya tsaya a kan ramin. Fuskarsa ta washe, irin washewar mutumin da ya daɗe a baƙon gari sai ya ji an yi yarensu.

"Ashe wanga na! Kulu, ai yoyo na. Abin da ad da rami, ruwa ka shiga, ƙasa ka shiga, dole shi ruɓe. Ɗauko mini gwangwanina da auduga."

Ba wanda ya hana shi, don ba wanda ya ga laifin abin. Duk wanda aka haifa a bakin ruwa ya san rami abokin gaba ne, in ka gan shi ka toshe tun bai kai ka ƙasa ba. Kuma wa ya fi Baba sanin rami? Gwaggo Asabe har da guɗa.

Ban taɓa ganin ya yi aiki da natsuwa irin ta ranar ba. Ya kankare bakin ramin, ya murza auduga siririya ya tura ta da ƙarfe har ta ɓace, ya ƙara wata. Ya narka kwalta ya zuba da zafinta, kofato ya yi hayaƙi. Ya jira ta sha iska ya sake zuba wata, ya goge da jiƙaƙƙen yatsa har wurin ya yi sumul yana ƙyalli. Yana yi yana yi wa dokin magana ƙasa-ƙasa: "Yi haƙuri, abokina. Yanzu ka warke."

Washegari aka ɗora shi a sirdi. Na raka su har bayan gari don farin ciki. Masunta suka tarye shi da ihu, labari ya bazu cewa tsoho ya liƙe doki kamar jirgi, kuma ya tashi. Ya dawo yana ba ni labari yana dariya har da tari. Ya ci tuwo ya nemi ƙari. Ranar ce ta ƙarshe da Baba ya ga ruwa.

Ba a yi kwana biyu ba ƙafar ta koma sama, wannan karon da kumburi. Ya tashi daga kofato ya hau har gwiwa, ƙafar ta zama kamar taɓarya. Bidi ya daina cin burgu, ya daina kula dusa, jikinsa ya yi zafi, gumi yana tsatsafo masa ko da sanyin safiya. Yakan kwanta ya miƙe wuya a ƙasa yana nishi. Ana cikin haka sai wurin da gashi ya haɗu da kofato ya fashe, mugunya ta ɓulɓulo ta sama. Da na faɗa wa Baba ya ce wani yoyon ne ya ɓullo, a kawo gwangwani. Ni kuwa na dubi wurin, nama ne ja, ba kofato ba. Zuciyata ta ƙi. Na ce masa kwalta ta ƙare. Na ɗauki hoton ƙafar da wayata ta kowane gefe, na kwashe kifin da na banda don kasuwa na sayar a araha, washegari da asuba na shiga motar Yelwa, inda likitan dabbobi yake.

Wanda bai taɓa bin layin likitan dabbobi ba bai san jira ba. Fulani da maruƙa, mata da awaki, wani da kaji a kwando, kowa da abin da ya jawo. Ni kaɗai na zo hannu rabbana. Wata tsohuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ɗiyata, ina dabbar taki, ko ke ta ba lahiya?" Aka yi dariya, ni ma na yi don kada in yi kuka. Tun hantsi nake tsaye, sai bayan azahar aka kai kaina, ban karya ba.

Likitan matashi ne, ga gajiya a fuskarsa, amma ya saurare ni har ƙarshe. Ya karɓi wayar yana duba hotunan, can ya tsaya a kan ɗaya ya buɗa shi da yatsu.

"Wannan baƙin abin fa a tafin kofaton?"

"Kwalta ta. Babanmu yat toshe ramin da ka yoyo."

Ya ajiye wayar. Maganar da ya yi, har gobe tana kunnena.

"Baiwar Allah, kofato akwati ne rufaffe. Ƙusa ce ko wani abu ya soke shi, ciki ya yi mugunya, shi ya sa ya kasa takawa. Ramin nan da kika gani ƙofa ce mugunyar ta buɗe wa kanta. Ranar da ya fara ɗiga, ranar ya fara warkewa. Da kun jiƙa ƙafar a ruwan gishiri mai ɗumi, kun ɗaure da tsumma mai tsabta, an yi masa allurar da ta dace, da yanzu ana hawansa. Jirgi ana toshe shi don kada ruwa ya shiga. Wannan kun toshe ne kun hana ciwo fita."

Ba dokin na fara tunawa ba, fuskar Baba na tuna a kan turmi.

Ya yarda zai zo, amma sai da ya sami sarari, kuma ɗawainiyar hanya da magani a kaina. 'Yan kunnen da Inna ta bar mini su suka tafi a nan. Ban yi da-na-sani ba, sai dai ina tambaya, yaya za a ce duk faɗin gaɓar nan mutum sai ya yi tafiyar rabin yini kafin ya sami wanda zai faɗa masa magana ɗaya da za ta ceci dabbarsa? Masu turare da masu ƙarfe kuwa har gida suke zuwa.

Ranar da ya zo a kan babur, na tare shi a bayan danga na roƙe shi don girman Allah kada ya faɗa wa Baba abin da ya faɗa mini. Na ce tsoho ne, dokin nan ƙafarsa ne, kuma hannunsa shi ne abin da ya rage masa na alfahari. Ya ce ya ji. Abin da ban sani ba, Yaya Bawa yana zaune ta cikin dangar yana ɗinkin taru.

Likita ya sa wuƙarsa zai ciro kwaltar, ta ƙi. Ya kankara, ya ƙwaƙula, ya yi gumi, ko gezau. Dole ya bar ta ya huda wani rami a gefe. Abin da ya fito ba zan kwatanta ba, har Ishaya da ke riƙe da ƙafar sai da ya kawar da kai. A ciki aka ga ɗan guntun ƙusa mai tsatsa, irin ta jirgi.

"Wa ya yi wannan liƙin?" likita ya faɗa ba da niyya ba, don wahalar da ya sha.

Baba yana ƙofar ɗaki a kan tabarma, ya ɗaga murya. "Ni na, likita. Ya yi ko?"

Likita ya dube ni, na dube shi.

"Baba, hannunka ya iya aiki," in ji shi.

Allah ya saka wa yaron nan da alheri duk inda yake. Da zai tafi ya ja ni gefe ya ce ciwon ya riga ya zagaye kofaton ta ciki, ya raba shi da nama. Za mu gwada, amma kada in sa rai da yawa.

Daga nan jinya ta koma kaina. Safe da yamma in ɗumama ruwa in zuba gishiri, in sa ƙafar a tsohon bokitin roba, in zauna ina lallashi har ruwan ya huce. In wanke ramin, in ɗaure da tsumma, in rufe da buhu. Ishaya ya koyi yin allurar, ya kuma kwaso yashi daga gaɓa a amalanke ya shimfiɗa a turken don wurin kwanciya ya yi laushi. Bai taɓa karɓar ko kifi ɗaya ba. Sana'ar banda ta mutu, masu sayen kifina suka koma wajen wasu. Ƙunar sakiya ta yi tsutsa, na riƙa cire su da tsinke. Sai ɗaya ƙafar gaban, wadda ta ɗauki nauyin jiki ita kaɗai tsawon makonni, ita ma ta yi zafi ta gaza. Bidi ya koma kwance. Kwatangwalo da kafaɗa suka sale, sai mun taru mu juya shi. Duk da haka in ya ji muryar Baba daga ɗaki sai ya ɗaga kai ya yi 'yar haniniya.

Baba kuwa kullum tambayarsa ɗaya: "Ya taka?" In ce da sauƙi. Ya ce, "Likitan ga ya ɓata mini aiki da yah huda wani rami. Da an bar shi yadda na yi." In ce haka ne, Baba. Na gwammace ya zargi likita, ya zargi ni, ya zargi duniya. Ya roƙi Yaya Bawa sau da yawa ya goya shi zuwa gaɓa ko sau ɗaya, Yaya Bawa ya ce bayansa na ciwo, ai Baba ya sayi ƙafa.

Wata safiya ina ɗaga ƙafar daga bokiti sai na ji ta yi sauƙi a hannuna. Na duba, kofaton ya zauna a cikin ruwa, ya zame gaba ɗaya kamar takalmi. Abin da ke hannuna jan nama ne yana rawa. Na ɗaure shi da sauri ina kuka, na tsame kofaton na ɓoye a kan rufin rumfar da nake bandar kifi. Na buga wa likita waya. Ya ce da ƙafa ɗaya ce da sai a yi ta fama, amma biyu sun tafi, abin da ya rage shi ne a hutar da shi. Ya ce zai zo jibi ya yi masa allurar da zai tafi ba wahala, mu haƙa rami.

Na faɗa wa Yaya Bawa don ya nemo masu haƙa. Wannan ne ya ba shi dama.

"A turbuɗe? Jirgina na cikin hwatar ga. Ko ƙusa guda sai na hidda."

Washegari da rana tsaka babbar mota ta tsaya a ƙofar gida. Mutanen nan ne masu bin ƙauyuka suna sayen jakuna da dawakan da suka gaza, su loda zuwa kudu. Na tare ƙofa, Yaya Bawa ya ture ni na faɗi a kan itace. Ishaya yana gona. Suka ce doki ya tashi, bai tashi ba. Suka zuba masa bulala a kan gyambon, suka murɗe wutsiya, wani ya ɗura masa ruwa a hanci. Ya yunƙura ya miƙe, ya dafa jan naman nan a ƙasa, ya yi wata ƙara ya kife. Sai suka ɗaura masa igiya a wuya da ƙafafun baya, suka jingina katakon tsohon jirgi a bayan motar, suka ja shi a kai kamar buhu. Jini ya yi layi tun daga turke har waje. Idonsa a buɗe yake, yana kallon ƙofar ɗakin Baba.

Baba yana ta kira. "Bawa! Kulu! Mi akai mai? Ina za ku kai shi?" Ya jawo jiki da hannuwa har bakin ƙofa, daidai lokacin da motar ta tashi. Ya ga turke wayam, ya ga jinin. Yaya Bawa ya shigo yana gyara aljihu.

"Bawa," in ji Baba, "ka saida shi da rai? Likita bai gama ba. Ka kashe mini shi. Ban yahe ba, Bawa. Ban yahe ba."

Na ga fuskar yayana ta canza. Ya juya ya nufi rumfar banda, ya miƙa hannu kan rufi. Ashe ya ga inda na ɓoye. Na kama rigarsa ina cewa Yaya don Allah, Yaya ka tuna Inna, ya fizge. Ya jefa kofaton a cinyar Baba.

"Ni na kashe shi? Duba nan. Da kunnena na ji. Dokin ga ya ɗauko warkewa, ramin nan ciwo ka hita ta nan. Kai ka toshe, kai ka dahe shi da kwalta, ka ruɓar da shi da rai. Da ka bar shi, da yanzu kana bisa nai. Kulu ta sani, ta ɓoye maka. Tambaye ta."

Baba ya ɗago ya dube ni.

"Kulu, gaskiya na?"

Na buɗe baki in yi ƙarya, wallahi na so in yi, ta ƙi fitowa. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗauki kofaton ya sa a cikin riga, ya ja jiki ya koma ɗaki. Bai yarda na taimake shi ba.

To, ku masu doki a bakin ruwa, ga abin da na saya da tsada ina ba ku kyauta. In dokinku ya ɗage ƙafa farat ɗaya, ku fara dafa kofato kafin kafaɗa. In da zafi, ciwon yana ciki. Kada ku bar kowa ya matso da jan ƙarfe. In ya fara ɗiga, ku gode wa Allah ku bar masa hanya, ku jiƙa da ruwan gishiri, ku nemi likita tun ranar. Ku kuma kwashe katakan nan masu ƙusa daga hanya. Ina godiya ga Ishaya da likita. Yaya Bawa kuwa muna gaisawa, don uwa ɗaya ta haife mu, iyakarta ke nan.

Yanzu ruwa ya dawo, ya cika har gindin dangarmu. Daga ƙofar ɗakin Baba ana ganin jirage. Ya ce in saki labule. Ishaya ya zo ya durƙusa ya ce zai goya shi, taku kaɗan ne, ya ce ya gode. Masunta sukan jawo jirgi mai yoyo har ƙofar gida don ya taɓa kawai ya nuna musu wurin, sai ya ce in faɗa musu ba ya nan.

Shekaranjiya na shiga da kunu na same shi zaune, kofaton a hannunsa. Ya bushe, ya tsage ta ko'ina, gefensa yana marmashewa. Facin ne kaɗai yake nan sumul, yana ƙyalli. Baba yana bin bakinsa da babban yatsa, ya zagaya, ya sake zagayawa. Bai ɗago ba.

"Kulu," ya ce, "kin gani? Ko ɗigo bai hita ba."